Bargon ƙyallaye: yadda zaki fara ɗinka naki a gida

Duk wadda ta taɓa leƙa shagon tela ana saura kwana uku Sallah ta san yadda ƙarƙashin keke yake cika da ƙyallaye, ga na atamfa ga na shadda ga yadin maza, wani guntun ma ya fi tafin hannu biyu, kuma ƙarshensu dai ko a cusa su a matashi ko yara su kwasa su yi wa 'yar tsana kaya ko a share a kai bola a cinna musu wuta. Wallahi abin yana min ciwo, don da waɗannan ƙyallayen ake haɗa bargo mai kyau da ɗumi wanda zai yi shekaru ana rufa da shi, kuma aiki ne da mace zata yi a tsakar gidanta tsakanin azahar da la'asar, musamman in an gama kaka an kai amfani rumbu hannu ya ɗan samu sarari.

Bargon hawa uku ne. Akwai fuska, wato ƙyallayen da aka yanka aka harhaɗa suka zama falle ɗaya, akwai ciki wanda shi ke riƙe ɗumi, sai shafi na baya. Sai a bi duka ukun da ɗinki ya ratsa su ya haɗe su wuri ɗaya. Shi kenan fa, duk wani ado da kika gani a waya daga nan ya taso.

Kuma kar wani ya ce miki aikin Turawa ne. Ki tuna 'yan lifida da ake gani a hawan Daushe, rigar nan mai kauri da suke sawa su da dawakansu ai ƙyalle ne sama da ƙasa aka cusa auduga a tsakani aka bi da ɗinki layi-layi, har tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. A Bangaladash da gabashin Indiya mata na jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ɗinkin hannu, babu ko auduga a ciki. A Amurka kuma akwai wani ƙauye na baƙaƙen fata a jihar Alabama, Gee's Bend, matan wurin da tsofaffin wandunan gona da buhunan da suka ƙare suke haɗa nasu saboda sanyi da rashin abin hannu, a 2002 aka baje barguna nasu a gidan adana kayan zane na birnin Houston, a 2006 har kan sarki aka buga da hotunansu. Na kawo wannan ne saboda bidiyoyin da ke yawo a YouTube da Facebook suna karya wa mutane gwiwa, zaki ga mace da ɗaki guda na ɗinki da wuƙa mai taya da faranti na yanka da keken lantarki, sai ki ce ai wannan ba namu ba ne. Ita wuƙar mai taya ma sai a 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita, kafin nan da almakashi kowa yake yi.

Abin da kike buƙata bai taka kara ya karya ba, almakashi mai kaifi wanda ba a yanka leda ko farce da shi, ki ɓoye shi yara kar su gani, allura matsakaiciya da wata mai ɗan tsawo, zare mai ƙwari, tef na awo, rula, fensir da alli, fil, da dutsen guga ko na gawayi ne. In akwai keke a gidan, Butterfly ko Singer na ƙafa, alhamdulillahi zai rage miki lokaci wajen haɗa fuska, in babu hannu ya isa.

Sai neman ƙyallaye. Ki fara da cikin ɗakinki, ragowar ɗinkin Sallah, zanin da gefensa ya cinye amma tsakiyarsa da sauran ƙarfi, rigar maigida da wuya ya mutu. Daga nan ki aika wa telan unguwa da buhu, ko in kin je da kanki ki ce Malam don Allah in an share a riƙa zuba min manyan a nan, yawanci ba sa hanawa, wasu kuma sai an ɗan ba su na goro. In ranar Juma'a wani naku zai shiga kasuwar Wudil, ko zai je birni Kantin Kwari, a samo miki yadin shafi daga can, shi kaɗai ne abin da ya kamata ki cire kuɗi sosai a kansa.

Amma ba kowane ƙyalle ake haɗawa da kowane ba, nan mutane da yawa suke ɓata aikinsu tun kafin su fara. Auduga zalla ita ce sarauniya, tana kwanciya a guga, allura na shigarta da sauƙi, ba ta zamewa. Atamfa 'yar roba da leshi da mayafi mai santsi da duk wani yadi mai miƙewa ki ware su gefe, a farkon koyo wahala kawai za su ba ki. In kina shakka ki yanki ɗan siriri ki riƙe da bakin almakashi ki kai shi bakin wutar murhu, ki duba da kyau, auduga zata kama da wuri tana warin takarda, ta bar toka mai laushi da zaki murtsuke da yatsa ta zama gari, roba kuwa tattarewa take tana narkewa da wari mai hawa kai, in ta huce ki taɓa ki ji ɗan dunƙule baƙi mai tauri. Sannan ki haɗa masu kauri ɗaya, kar ki jera shadda mai nauyi kusa da tsohon zani da ya sha wanki, mai ƙarfin zai riƙa jan mai raunin har ya yage a bakin ɗinki.

Ki wanke su duka kafin ki sa almakashi. Sabuwar auduga tana shiga in ta ji ruwa, in kika haɗa sabo da tsoho ba wanki ranar da aka fara wanke bargon sabon zai tsuke tsohon ya tsaya, sai fuska ta yamutse. Ga kuma zuba, ja da shuɗi mai duhu da duk abin da ya fito daga marina, irin rinin Kura ko na Ƙofar Mata, ki jiƙa kowanne daban a ruwan ɗumi ki jefa ɗan farin ƙyalle a ciki, in farin ya canza ki ci gaba da ɗauraya har ruwan ya fita fes, wanda ya ƙi daina zuba ki haƙura da shi komai kyansa. In sun bushe ki goge su sumul.

Toh yanzu girman da zaki fara da shi. Don Allah kar ki fara da na gadon amarya, ki fara da na yaro, wanda za a shimfiɗa masa ko a rufa wa ɗan shekara uku, saboda ki ga ƙarshen aikin da wuri zuciyarki ta ƙara son abin. Kuma gida-gida zaki yi, kusurwa huɗu daidai wa daida, ki bar taurari da dagi da masu kusurwa uku sai hannu ya faɗa. Ga lissafin, kowane gida in an gama zai zama inci 6, amma inci 6 da rabi zaki yanka domin ɗinki zai ci kwatan inci ta kowane gefe. Gida 6 a faɗi, gida 7 a tsawo, gida 42 kenan, bargon zai fito inci 36 da 42, wato yadi ɗaya a faɗi, tsawo kuma yadi da 'yan kai.

Ma'auni biyu zaki yanka, babba mai inci 6 da rabi na yanka, ƙarami mai inci 6 cif na zana layin ɗinki. Kwali yana yi amma bakinsa na cinyewa, kafin ki zana gida ashirin ya ragu ba ki sani ba, gara ki samu tsohuwar jarka ki yanko gefenta mai faɗi. Ki tabbatar kusurwar ta miƙe, ki auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta ta tsallake, ki auna ɗaya ɓangaren ma, in awon biyu bai zo ɗaya ba to ma'aunin ya karkace ki sake wani. Ki ɗora babban a bayan ƙyalle, gefensa ya bi yadda zaren saƙar ya tafi, kar ki ɗora shi a karkace don ki ci riba da ɗan guntu, ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake a hannu. Ki zana ki yanka, sai ki ɗora ƙaramin a tsakiya ki zana da fensir, wannan layin shi allurarki zata bi.

Na daɗe a nan ne da gangan don duk kyan bargon nan a wurin yanka da faɗin ɗinki yake, kamar kunyar gona ne, in ta farko ta karkace duk sauran binta za su yi. Ki duba, in kina wuce layi da rabin kwatan inci kawai, kowane haɗi ya cinye miki kwatan inci tunda ƙyalle biyu ne, layi ɗaya kuma haɗi 5 gare shi, kinga inci ɗaya da kwata ya tafi, in kika zo haɗa shi da layin da aka ɗinka daidai sai ki ga ɗaya ya fi ɗaya kuma babu jan da zai gyara.

Kafin ɗinki ki shimfiɗa tabarma ki jera gidajen 42 a kai ki tashi tsaye ki ja baya ki kalla. Atamfarmu tana da hayaniya, in kika jera mai manyan fulawa kusa da mai manyan fulawa ido ba ya samun wurin hutawa, ni dai abin da na fi so shi ne gida ɗaya atamfa gida ɗaya yadi mara zane, fari ko ruwan ƙasa ko shuɗi, a haka kowace atamfa take fitowa. Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne haske da duhu, ki ɗan runtse ido ki ga ko masu duhun sun taru a gefe ɗaya, in da waya a hannunki ki ɗauki hoto, a hoto kuskuren jeri ya fi fitowa kuma ko iska ta watsa ko akuya ta bi ta kai kina da abin dubawa. Daga nan ki tattara kowane layi daban ki soke da fil ki sa masa lamba.

Wajen haɗawa ki ɗauki gida biyu ki haɗa su fuska da fuska, ki soke fil a kusurwar layin fensir ya fito ta kusurwar na bayan. Zare kar ya wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu, dogon zare sarƙewa yake ya kuma yi laushi. Ki bi layin da ƙananan ɗinki, shiga da fita, kina tara uku ko huɗu a kan allura kafin ki ja, bayan kowane inci ɗaya ki koma baya taki ɗaya don ko zare ya tsinke wata rana kar layin ya warware gaba ɗaya. In keke ne ki auna kwatan inci daga allura ki manna filasta a wurin, bakin ƙyalle ya riƙa bin filastar. In layi ya kammala ki kwantar da bakin ɗinkin da guga gefe ɗaya, layi na farko duk su kalli dama, na biyu hagu, na uku dama, haka har ƙasa. Amfanin wannan sai kin zo haɗa layi da layi zaki gani, ki sa babban yatsa da manuni ki murza mahaɗar a hankali zaki ji tudun sama da na ƙasa sun zauna kusa da juna sun kulle, ki soke fil a nan, in kin ɗinke kika buɗe sai ki ga kusurwa huɗu sun haɗu a ɗigo ɗaya, wallahi daɗin da ake ji a wannan lokacin sai wadda ta yi. Guga kuma dannawa ake a ɗaga, ba a ja.

Sai maganar ciki, kuma a nan ina da ra'ayi. Sanyinmu na hunturu ne, Disamba da Janairu zuwa farkon Fabrairu, sauran shekara zafi, ga ƙura da ke sa dole a riƙa wanki, ga ruwan ma wani wurin sai an je rijiya ko burtsatse. Saboda haka bargo mai kauri sosai wahala ne, in ya sha ruwa mace ɗaya ba ta iya matse shi. Mafi sauƙi ga mai koyo shi ne tsofaffin zannuwa biyu ko uku da suka yi laushi, a jera su, ko siririn bargo na gwanjo da aka wanke, ba sa motsi ba sa dunƙulewa kuma allura na wucewa. Faiba irin ta masu ɗinkin zanin gado ma tana yi, ki nemi mara kauri, ba nauyi kuma tana bushewa da wuri, illarta roba ce ba ta son wuta ko kaɗan. Audugar gona ita ce ta fi daɗin rufa amma aiki gare ta, sai an gurje an cire gurya tas don ragowarta na ɓata ƙyalle da mai kuma tana jawo ɓera, sannan a shiɓe ta ta tashi a shimfiɗa ta kauri ɗaya. In akwai tsohuwa a gidanku da ta yi kaɗi a zamaninta ki je ki durƙusa ki ce Gwaggo a koya min shiɓa, zaki sha mamakin yadda zata sake da ke, irin wannan ilimin yana tafiya da masu shi ba wanda yake tambaya. Audugar rimi kam ki bar wa matashi, santsi gare ta ba ta kama juna, guduwa zata yi ta taru a kusurwa, ga saurin kama wuta.

Shafi yadi ɗaya da rabi ya isa wannan girman, akoko ko atamfa ta auduga, shi ma a wanke. Ki share daɓe ko siminti, ki shimfiɗa shafin fuskarsa na kallon ƙasa, ki danne kusurwoyi da duwatsu ya miƙe amma kar ki ja shi har ya ɗame, ki ɗora cikin, ki ɗora fuskar tana kallon sama. Shafi da ciki su fi fuska da kamar inci 2 ta kowane gefe don ɗinki yana jan su. Sai ki riƙe hawa ukun da manyan ɗinki na wucin gadi da zare mai launin da zaki gane, ki fara daga tsakiya zuwa sama, tsakiya zuwa ƙasa, zuwa dama da hagu da kusurwoyi, kina shafawa da tafin hannu kina kora tattara waje. Wannan matakin gundura gare shi kuma baya na ciwo, amma wadda ta tsallake shi zata juya bargonta ta tarar da bayan ya naɗe.

Yanzu ne zaki zauna ki miƙe ƙafa ki ɗora shi a cinya ki yi ainihin ɗinkin, wanda shi ne daɗin abin, ana hira ana yi, ana jin rediyo ana yi. Nan ma daga tsakiya ake farawa. Ki ƙulla zare ƙulli ɗaya ƙarami, ki soka allura ta fuska kaɗai ɗan nesa da inda zaki fara, ki fito a wurin, ki ɗan fizga ƙullin ya shige ciki ya ɓuya. Hannu ɗaya a ƙasa yana jin bakin allura don ki tabbatar ta ratsa duka ukun, ɗaya a sama yana turawa, ki naɗa filasta ko 'yar fata a yatsan da ke turawa in ba haka ba zai huje. Kar ki damu sai ɗinkin ya yi ƙanana, ya dai zama tsawonsu ɗaya, manya masu tsari sun fi ƙanana marasa tsari kyau nesa ba kusa ba, har ma in kika sa zare mai kauri fari a kan atamfa mai duhu shi kansa ado ne. Ki bi gefen kowane gida, ko ki ja layi da alli daga kusurwa zuwa kusurwa ya ratsa bargon. Tazarar layi kar ta wuce faɗin tafin hannu, in kuma audugar gona ce a ciki ki matso da su kamar inci 2, in ba haka ba wankin farko zata dunƙule. Wadda ido ke ba ta matsala ko take sauri tana iya ɗaurewa maimakon ɗinki, a soka zare mai kauri a fito a ƙulla sau biyu a kowace mahaɗa da tsakiyar kowane gida, amma in na ƙaramin yaro ne gara ɗinki don yara na tsinkar zaren su kai baki. Jariri kuwa shimfiɗa masa ake yi, ba a lulluɓe shi da abu mai nauyi yana barci.

Baki shi ne na ƙarshe. Ki zare ɗinkin wucin gadi, ki datse cikin daidai da fuska, ki kula kar almakashi ya kama shafi, shi shafin ki bar masa inci ɗaya ya zarce ta ko'ina. Ki ninka rabin inci, ki sake ninkowa ya hau kan fuska, ki soke da fil ki kalmashe da ƙananan ɗinki kusa-kusa, don baki ne yake fara mutuwa a bargo. A kusurwa ki fara lanƙwaso tsinin ciki kafin ki ninko gefe biyun, zai zauna ba tudu.

Wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ba bilic, a matsa a hankali kar a murɗe, a shanya a inuwa a kan igiya biyu don nauyin ruwa kar ya ja ɗinkin, rana kuma tana cin launin atamfa. Lokacin sanyi da ake shiga da kaskon wuta ɗaki a nisanta shi da bargon, musamman mai faiba, wannan ba abin wasa ba ne. In zafi ya shigo a tabbatar ya bushe ƙarau kafin a ninke a sa a akwati, kar a ɗaure shi a leda damina ta same shi ya yi fumfuna.

In kin gama na yaron kina son na babba, ma'aunin nan dai shi ne, gida 10 a faɗi 13 a tsawo, gida 130, zai ba ki inci 60 da 78, shafin sai kin haɗa falle biyu don faɗin atamfa bai kai ba. Wannan kam ki kira maƙwabta ko matan gida ranar haɗa hawa ukun, mutum biyu su riƙe gefe, ɗaya kuma ta bi da allura, kuma ki ce kowacce ta zo da ledar ƙyallayenta ku yi musanye, don wadda take da ja da yawa tana neman shuɗin da ke jibge a wurinki.